Wa Ke Naɗa Masu Riƙon Makarantar Likitoci Ta Kano?

'Yan'uwa, hanya biyu ce take kai mutanen ƙauyukanmu makarantar likitoci ta Kano. Ta fari ita ce ta rashin lafiya. Idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibitin gari sai a tura mutum Rano ko Kura, idan can ma ya gagara sai a rubuta masa takarda zuwa birni, sau da yawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Ta biyu ita ce ta karatu, wato yaro ko yarinya da suka gama sakandare suna so su zama likita, iyaye kuma suna sayar da shinkafa da tumatir domin biyan kuɗin jarrabawa. Duk wanda ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan zai iske dokoki, da farashi, da layi, waɗanda wasu mutane ne suka zauna suka tsara. Su wane ne mutanen nan, wa kuma ya ɗora su a kan kujerun? Abin da muke so mu bayyana ke nan.

Gida biyu ne, iyayengiji biyu

Abin da muke kira makarantar likitoci gida biyu ne a haɗe. Akwai Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ita ce take ɗaukar ɗalibi, ta koyar da shi, ta ba shi digiri. Akwai kuma asibitin koyarwa, wanda aka kafa a 1988, inda ɗalibin yake koyon aiki a gefen gadon majiyyaci cikin shekarunsa na ƙarshe. Karatun duka shekara 6 ne idan ba a sami yajin aiki ba. Dukansu biyu na Gwamnatin Tarayya ne, amma jami'a tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, asibiti kuma yana ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya. Babban likitan da ya duba ka da safe yana iya zama malamin jami'a ne da zai shiga aji da rana. Saboda haka kowane gida yana da nasa masu riƙo: jami'a tana da majalisar gudanarwa, asibiti yana da hukumar gudanarwa.

Majalisar gudanarwa ta jami'a

Dokar da ta tsara wannan majalisa a dukan jami'o'in tarayya an yi ta a 1993, zamanin soja, aka gyara ta a 2003 da kuma 2012. Bisa ga dokar, Shugaban Ƙasa shi ne mai ikon ƙoli a kan kowace jami'ar tarayya, ana kuma kiransa Mai Ziyara. Shi yake naɗa shugaban majalisar. Tare da shi gwamnati tana naɗa mutum 4 daga wajen jami'a, waɗanda doka ta ce su fito daga fannonin rayuwa dabam dabam, su kuma wakilci ƙasar baki ɗaya. Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tana aiko da wakili 1.

Sauran kujerun na 'yan gida ne, gwamnati ba ta zaɓar musu. Shugaban jami'a da mataimakansa suna zama saboda muƙaminsu. Majalisar dattawan jami'a, wato taron farfesoshi da shugabannin sassa, tana zaɓen mutum 4 daga cikinta. Babban taron ma'aikatan jami'a masu digiri yana zaɓen 2. Abin dariya, sunan da ake kiran wannan taro da Turanci shi ne sunan da ake kiran taron masu sujada, amma ba ruwansa da coci. Taron da ya haɗa tsofaffin ɗalibai kuma yana da kujera 1. In kun lissafa za ku ga 'yan gida sun fi na waje yawa. Da gangan aka yi haka a gyaran 2003, gama kafin lokacin mutanen da gwamnati take naɗawa daga waje su 9 ne, malaman jami'a kuwa suka daɗe suna kuka cewa an danne su.

Ku lura da abu ɗaya: doka ba ta ware wa sashen likitoci kujera ta musamman a wannan majalisa ba. Idan likita ya zauna a ciki, to, ko dai abokan aikinsa ne suka zaɓe shi, ko kuwa muƙami ya kai shi.

Akwai wani mutum kuma da ake ji a bikin yaye ɗalibai, wato uban jami'a. Yawanci sarki ne, ana kuma ɗauko shi daga wani yanki mai nisa domin haɗa kan ƙasa.  Girma ne, amma ba shi yake tafiyar da al'amura ba.

Wa'adin majalisa shekara 4 ne. Doka ta ce waɗanda za a naɗa su zama masu gaskiya da riƙon amana, waɗanda suka san al'amuran jami'a da al'adarta. Ta kuma ce Mai Ziyara zai rushe majalisa idan an same ta da rashin iya aiki da cin hanci, sa'an nan a kafa sabuwa nan da nan. Aikinta babba ne. Ita take kula da kuɗi da dukiyar jami'a, ita take amincewa da kasafin shekara da manyan kwangiloli, ɗaukar manyan ma'aikata da horonsu a hannunta yake ƙarewa. Mafi girma duka, ita take zaɓen shugaban jami'a, wanda yake yin shekara 5 ba ƙari. Ana tallata kujerar a jarida, a tace masu nema, kwamitin haɗin gwiwa na majalisa da dattawan jami'a ya gana da su, sa'an nan majalisa ta zaɓi ɗaya ta sanar da Shugaban Ƙasa.

Abin da ke rubuce da abin da ake yi

Doka ta faɗi wanda zai naɗa, amma ba ta faɗi yadda zai nemo mutanen ba. Ba a tallata waɗannan kujeru 5 na waje, ba a cika fom, ba a kuma kai sunayen gaban Majalisar Dattawa ta Ƙasa domin tantancewa kamar yadda ake yi wa ministoci. Sunaye suna bi ta Ma'aikatar Ilimi zuwa fadar Shugaban Ƙasa, sai kawai a ji su a rediyo. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa 'yan siyasa suna da baki a ciki. Sau da yawa za ku ga tsohon gwamna, tsohon sanata, ko wanda ya tsaya takara bai ci ba. Wasu cikinsu suna aiki da himma, har su yi amfani da sanayyarsu su jawo wa jami'a gine-gine. Wasu kuwa ba a ganinsu sai ranar zama.

Abin da ya faru a 2023 ya nuna raunin tsarin. A watan Yuni na shekarar, makonni kaɗan bayan rantsar da shi, Shugaba Bola Tinubu ya rushe hukumomin gudanarwa na ma'aikatun tarayya, aka haɗa da majalisun jami'o'i, har da waɗanda wa'adinsu bai cika ba. Aka ce duk abin da yake bukatar majalisa a aika da shi Abuja ta hannun ma'aikata. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ce wannan ya saɓa wa doka, gama ba a tuhumi majalisun da wani laifi ba. Kusan shekara guda jami'o'i suna zaune babu majalisa. A watan Mayu na 2024 aka fitar da sunaye 555 domin manyan makarantu 111, sai hayaniya ta tashi cewa wasu jihohi sun kwashi kaso mai yawa, wasu kuwa an bar su da kaɗan. Shugaban Ƙasa ya sa aka janye jerin, aka fito da wani a watan Yuni. A wannan jeri aka sa Nasiru Yusuf Gawuna, tsohon mataimakin gwamnan Kano, a kan majalisar Bayero.

A ganinmu, wannan al'ada ta kowace sabuwar gwamnati ta share majalisu ba ta da kyau, ko wace jam'iyya ce ta yi ta. Manomin da ke ƙarshen kwata ya san abin da yake faruwa sa'ad da babu mai kula da ƙofar ruwa: masu ƙarfi su sha, na baya su jira. Sa'ad da babu majalisa, ƙarin girma na malamai yana tsayawa, wanda aka hora ba shi da inda zai ɗaukaka ƙara, likitan da ya gaji da jira kuwa yakan nemi aiki a Saudiyya ko Ingila.

Majalisa ma takan yi kuskure. A watan Nuwamba na 2024 Shugaban Ƙasa ya rushe majalisar Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, ya cire shugaban jami'ar da ta naɗa, bisa dalilin cewa ba a bi ƙa'ida ba. Rigimar ta shafi likitoci kai tsaye, domin ƙungiyar manyan likitocin asibiti ta yi ƙorafi cewa sharuɗɗan da aka gindaya sun hana malaman likitanci neman kujerar, har ta yi yajin aikin gargaɗi a kan haka da wasu bukatu.

Ba ko'ina ake yi kamar namu ba. A jihar Mishigan ta Amurka, jama'a ne suke jefa ƙuri'a su zaɓi mutum 8 masu riƙon babbar jami'ar jihar. Can ma siyasa tana shiga, sai dai mai zaɓe ya san sunan wanda zai tuhuma.

Hukumar asibitin koyarwa

Wannan ita ce ta fi kusa da majiyyaci. Dokarta ta 1985 ce. Shugaban Ƙasa ne yake naɗa shugaban hukumar, shi ne kuma yake naɗa babban daraktan asibiti, wanda dole ya zama likita, yana yin shekara 4, ana iya ƙara masa 4. A teburin akwai shugaban kwamitin likitocin asibitin, da wakilin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da na Ma'aikatar Lafiya ta jihar da asibitin yake, da wakilin likitoci, da wakilin sauran ma'aikatan lafiya. Jami'a tana da nata mutane, har da shugaban sashen koyar da likitoci, kuma ta nan ne gidajen biyu suke haɗuwa. Sai kujeru 3 da aka ware domin mutanen da za su wakilci bukatun jama'a a kan sha'anin lafiya. Minista ne yake kawo sunayensu.

Waɗannan kujeru 3 su ne namu, in an bi manufar doka. Masu zama a kansu ya kamata su san nawa ne kuɗin mota daga Bunkure zuwa Kano da mara lafiya, su san yadda tsargiya take kama yaran da ke wanka a kwatar ruwan Tiga, da yadda zazzaɓin cizon sauro ba ya ɗaga ƙafa a yankin noman rani ko da damina ta wuce. Doka ba ta ware kujera ga coci ko masallaci ba. Amma sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana wani yanki ko wata ƙabila mamaye muƙaman tarayya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. Ba laifi ba ne dattawan ƙauyuka, da zumuntar mata, da ƙungiyoyin manoma su haɗu su miƙa sunan mutumin kirki ga ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Rano, Bunkure da Kibiya, ko na Kura, Madobi da Garun Malam. Ba shi yake naɗawa ba, amma ana jin maganarsa.

A jami'o'in jiha, kamar wadda aka kafa a Kano a 2012 da sunan Northwest, tsarin kusan ɗaya ne, sai dai gwamna ne Mai Ziyara.

Abin da majalisa ba ta yi

Majalisar gudanarwa ba ta ɗaukar ɗalibai. Sha'anin karatu na majalisar dattawan jami'a ne, ɗaukar ɗalibai kuwa yana bi ta hukumar JAMB. Yawan waɗanda za a ɗauka a sashen likitanci ma ba jami'a kaɗai take yankewa ba. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa tana zuwa ta ƙirga malamai, da gadajen asibiti, da ɗakunan gwaji, sa'an nan ta ƙayyade adadi. Shi ya sa yaro zai ci maki mai kyau amma a ba shi wani fanni. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi 45 cikin 100 bisa maki, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ɗan Bunkure yana da dama ta dukan ƙofofin nan uku a Bayero. Saboda haka iyaye su nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma da wuri, su tabbata sunan yaro iri ɗaya ne a kanta da a kan takardun makaranta.

Idan wani ya zo ya ce yana da hanya wurin ɗan majalisar gudanarwa, a ba shi kuɗi ya samo gurbi, kada ku sayar da hatsi ko akuya saboda shi. Gurbin da bai fito a shafin JAMB na yaron ba, ba gurbi ba ne.

Wanda yake da kuka a kan asibiti ya fara da ofishin SERVICOM da ke cikin asibitin, wanda ba ya iya biyan kuɗin magani kuma ya nemi ofishin jin daɗin jama'a tun kafin a sallame shi. In ba a saurare ku ba, ku rubuta wa shugaban hukumar gudanarwa ta hannun sakataren hukumar, ku sa ranar da abin ya faru da lambar katin majiyyaci, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon tambayar sunayen 'yan hukumar a rubuce, ta kuma ba ofishin kwana 7 ya ba da amsa.