Fatalwa a Dandali: Matsalar Mayar da Ƙagaggen Labari Wasan Waƙa

Gabatarwa

Daga cikin wasannin da sassan koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo na jami'o'in Ingila da Amurka sukan gabatar, akwai wani wasan waƙa, irin wanda Turawa ke kira opera, mai suna The Turn of the Screw. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da yakan sami labarin fatalwa idan aka ɗauke shi daga takarda aka kai shi dandali, da kuma nauyin da hakan ke ɗora wa masu shirya wasan.

Asalin Labarin

Henry James, marubuci haifaffen Amurka, shi ne ya wallafa labarin a shekarar 1898. Wata budurwa ce aka ɗauka aikin reno da koyar da marayu biyu, Miles da Flora, a wani gida na ƙauye da ake kira Bly. Ba da daɗewa ba sai ta fara ganin mutum biyu waɗanda tuni suka mutu, wato Peter Quint, baran maigidan, da Miss Jessel, malamar da ta gada. Ta haƙƙaƙe cewa yaran suka zo ɗauka, ta tashi haiƙan don ta kare su, amma daga ƙarshe Miles ya mutu a hannunta.

Gwanintar James a nan take: daga bakin malamar mai karatu yake jin kome, fatalwowin kuwa ba su taɓa cewa uffan ba. Saboda haka ne a 1934 manazarci Edmund Wilson ya kawo ra'ayin cewa babu wata fatalwa, zuciyar malamar ce ke raya mata. In haka ne, ita ce masifar yaran, ba matattu ba.

Sauyin da Dandali Ya Kawo

Benjamin Britten ne ya tsara kiɗan, Myfanwy Piper ta rubuta baitocin, aka fara gabatar da wasan a birnin Venis na ƙasar Italiya a 1954. A wasan waƙa, wanda bai yi waƙa ba tamkar babu shi ne, don haka aka ba fatalwowin murya. A ƙarshen kashi na ɗaya ana jin suna kiran yaran da dare. A farkon kashi na biyu kuma su biyu kaɗai suke fitowa suna jayayya, malamar ba ta nan. Da zarar ɗan kallo ya ga wannan, da wuya a sake ce masa mafarkin malamar ne.

Sai dai kiɗan ya mayar da wani ɓangare na fargabar da aka rasa. Britten ya gina wasan bisa karin sauti guda, wanda yake komowa sau 15 tsakanin fitowa da fitowa, kowane karo da sabuwar kama, kamar ana ƙara tamke igiya. Ya kuma keɓe wa Quint wani abin kiɗa mai amon ƙararrawa, mai daɗin ji, don a gane yadda yake jan hankalin yaro.

Nauyin da Ke Kan Ɗalibai

Abin da ya sa wasan ya dace da jami'a shi ne ƙarancin kaya: makaɗa 13 da mawaƙa shida ko bakwai sun wadatar. Wahalarsa guda biyu ce. Ta farko, an rubuta waƙar Miles ne don muryar yaro wanda bai balaga ba, irin sa kuwa sai an nemo daga wajen jami'a. Ta biyu, dole mai ba da umarni ya yanke shawara: ko ya fito da fatalwowin fili cikin hasken fitila, ko ya ɓoye su bayan labule mai shara-shara, ko ya bar malamar a gefen dandali tana barci yayin da suke waƙa. Kowane zaɓi hukunci ne a kan wanda ya kashe Miles.

Kammalawa

Ɗalibin Hausa da ya kwatanta littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da wasan da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga cikinsa ya san cewa dandali ba ya karɓar labari yadda yake. A labarin fatalwa abin ya fi tsanani, domin marubuci yana iya barin mai karatu cikin shakka, amma mai shirya wasa tilas ne ya nuna wa ɗan kallo wani abu.