Duba-gari da Bandar Yauri

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibiran Gungawa da dama, ya kuma buɗe wa Yauri kasuwar kifi. Daga gaɓar Ngaski da Shanga ake kawo giwan ruwa, tarwaɗa da karfasa zuwa Yelwa, inda wani ke faɗawa tukunyar mai tuwo-tuwo, wani a yi bandarsa a loda wa motocin kudu.

Wa ke sa ido a kan wannan abinci? Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da gidajen abinci, gidajen burodi da mahauta. Jami'in da ke wannan aiki shi ne duba-gari, wanda aka sani tun zamanin Turawa, lokacin da jin ya shigo unguwa kan sa mata su hau wanke randa. Idan ya shiga rumfar abinci, yakan leƙa randa, ya duba ruwan wanke kwanuka, ya ga ko miya a rufe take, ya lura da nisan kwata da murhu. In abin ya yi muni, sai gargaɗi, ko tara a kotu, ko a garƙame wurin. Dalili kuwa a fili yake: ruwan da bahaya ya gurɓata shi ke yaɗa amai da gudawa, musamman da damina.

Sai dai akwai laifin da ido ba ya kamawa. Ƙwari na ɓarnatar da busasshen kifi, don haka wasu 'yan kasuwa a Najeriya kan yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper. Duka biyun na ɗauke da dichlorvos, gubar da ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Wasu masunta kuma sun daɗe suna zuba Gamalin 20 a ruwa kifi ya taso, ko da yake Yarjejeniyar Stockholm ta haramta amfani da sinadarinsa, lindane, a harkar noma tun 2009.

Tabbatar da irin wannan sai a ɗakin gwaji, aikin hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993. Kafin sakamako ya fito, masu saye sun koma ga dabararsu: su shinshina kifin, su ɓare shi, kuma in sun ga ƙuda na baibaye kwandon maƙwabci yana tsallake wannan, su wuce gaba.