Shin Ko Kun San? Allurar Jarirai da Cutar Sanƙarau

Shin ko kun san cewa ba ƙwayar cuta ɗaya ce ke kawo sanƙarau ba? Ciwon dai kumburi ne a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, kuma mafi muninsa shi ne na bakteriya. Ƙwayoyi huɗu ne a sahun gaba: meningokokus, mai tayar da annoba da rani, nimokokus, wadda ita ce kuma ke kawo ciwon huhu, Hib, sai GBS, wadda jariri ke ɗauka daga mahaifiyarsa wajen haihuwa. Ukun farko duk suna da allurar rigakafi. Ta huɗun ce masana ke kan aikinta har yanzu.

Ko kun san cewa a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin mutum 6 da sanƙarau na bakteriya ya kama, ɗaya ba ya tashi? Cikin 5 kuma, ciwon yana barin ɗaya da tabo na dindindin: kurumta, farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa da ke hana yaro karatu.

Shin ko kun san cewa jariri kan yi sanƙarau ba tare da wuyansa ya sanƙare ba? Nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Abin da ake gani shi ne zazzaɓi, ƙin kama nono, kuka mai tsini da ba ya jin lallashi, yawan barci, jijjiga, da maɗiga ta kumburo. Kafin a gama shawarar ko a kira mai tofi ko a jiƙa saiwa, awanni sun wuce, ciwon nan kuwa yana iya kisa cikin kwana guda.

Ko kun san dalilin da ya sa alluran farko-farko ba su yi wa jarirai aiki ba? Waɗannan ƙwayoyin cuta suna sanye da wata riga ta sukari. Jikin babba yana gane rigar, ya shirya mata yaƙi. Jikin yaro ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa kusan ba ya lura da ita, ko ya lura ba ya riƙe ta a ƙwaƙwalwar garkuwarsa. Shi ya sa allurar Hib ta farko da Amurka ta amince da ita a 1985 ba ta amfani waɗanda suka fi buƙatarta ba. Dabarar da ta warware matsalar ita ce a ɗinka sukarin a jikin wani furotin da garkuwar jariri ta iya ganewa, kamar wanda ake amfani da shi a allurar sarƙe-haƙora ko ta mashaƙo. Masana huɗu, John Robbins da Rachel Schneerson da Porter Anderson da David Smith, sun sami lambar yabo ta Lasker a 1996 kan wannan aiki. A ganina sun fi taurarin ƙwallo da yawa cancantar a san sunansu.

Shin ko kun san abin da ya biyo baya? Kafin allurar, yara kimanin 20,000 'yan ƙasa da shekara 5 ne Hib ke kwantarwa da mummunan ciwo kowace shekara a Amurka, kusan kashi biyu cikin uku sanƙarau ne. An fara yi wa jarirai sabuwar allurar a 1990. Ciwon ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100.

Kada a ce ai wannan ƙasar masu hali ce. Ko kun san cewa Gambiya ta fara yi wa jariranta allurar Hib tun 1997? A farkon shekarun 1990, cikin kowane jarirai 100,000 a yammacin ƙasar, fiye da 200 ne ke kamuwa da sanƙarau na Hib a shekara. Zuwa 2002 masu bincike sun nema ba su sami ko ɗaya ba. Kuma hakan ya faru duk da cewa allurar kan yanke a asibitoci, wasu yaran ma ba a yi musu ita a kan kari ba.

To ta yaya yaran da ba su sami allura ba su ma suka tsira? Shin ko kun san cewa mutane masu lafiya garau suna yawo da waɗannan ƙwayoyin cuta a hanci da maƙogwaro, suna rarraba su ta tari da atishawa? Sabon salon allurar yana rage wannan dako. Idan yara masu yawa suka daina ɗauke da ƙwayar, sai hanyar yaɗuwarta ta toshe. Da Amurka ta fara yi wa jarirai allurar nimokokus a shekarar 2000, har tsofaffin da ba wanda ya tsira musu allura sai da ciwon ya ragu a cikinsu. Wato jika ya kare kakarsa ba tare da ya sani ba.

Ko kun san cewa Birtaniya ce ƙasar farko da ta sa sabon salon allurar meningokokus nau'in C cikin tsarinta, a 1999, ta kuma fara yi wa dukan jarirai ta nau'in B a Satumban 2015? Cikin shekara uku nau'in B ya ragu da kashi 75 cikin 100 a tsakanin yaran da shirin ya shafa.

Mu dawo gida. Shin ko kun san cewa ƙasar Hausa tana tsakiyar yankin da sanƙarau ya fi addaba a duniya, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ƙasashe 26? Wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, shi ya fara zana iyakarsa a 1963. Ƙurar hunturu da busasshiyar iska suna raunata maƙogwaro, cunkoson ɗaki ya ƙarasa aikin. A annobar 1996 zuwa 1997 mutum fiye da 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu. A Nijeriya kaɗai an rasa fiye da 11,000.

A cikin wannan annoba ce kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara 200, inda 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Zargin da mutanenmu ke yi wa duk abin da aka kawo a kwalba yana da tushe. Sai dai a lura: Trovan maganin jinya ne, ba allurar rigakafi ba. Duk sanda aka haɗa su aka yi musu kuɗin goro, jarirai ne ke biya.

Ko kun san cewa akwai allurar da aka ƙera takanas don yankinmu? Sunanta MenAfriVac, ta meningokokus nau'in A, kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi ta, da farko kowace ɗaya a kan ƙasa da rabin dalar Amurka. An ƙaddamar da ita a Disamban 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso arewacin Nijeriya a ƙarshen 2011, ana yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. A Chadi, yankunan da aka yi allurar sun ga raguwar kashi 94 cikin 100 a ranin 2012 idan aka kwatanta da inda ba a yi ba. Nau'in A, wanda a da shi ne uban annobar yankin, rabon da a tabbatar da shi tun 2017. Tana kuma jure zafin digiri 40 har kwana huɗu ba tare da ƙanƙara ba, abin da duk ma'aikacin lafiyar ƙauye ya san darajarsa.

Amma gangami ba ya kare wanda aka haifa bayansa. Shi ya sa aka mayar da ita allurar yara ta yau da kullum: Sudan da Ghana a 2016, Nijar a 2017, Nijeriya a 2019, inda ake yin ta a wata 9.

Shin ko kun san cewa da nau'in A ya kau, nau'in C ya ɗaga kai? Ya yi ɓarna a Nijar a 2015, sannan daga ƙarshen 2016 ya ɓulla a Zamfara ya bazu Sakkwato da Katsina da Kebbi, mutum fiye da 14,000 suka kwanta, fiye da 1,100 suka rasu. Maganin wannan giɓi shi ne Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta yi amfani da ita, a Maris na 2024, a Jigawa da Bauchi da Yobe. Nau'in W ɗin nan shi ne ya ɓarke a aikin Hajjin shekarar 2000, wanda ya sa Saudiyya ta tsananta sharaɗin allurar sanƙarau ga maniyyata.

Ko kun san cewa allurar BCG, mai barin ɗan tabo a dantse, tana kare jariri daga sanƙarau na tarin fuka?

Ga kuma wadda ta fi damuna. Allurar Hib tana cikin Penta, wadda Nijeriya ta fara a 2012, ta nimokokus kuma ta biyo baya a ƙarshen 2014. Ana yin su a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta a asibitocin gwamnati. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna rabin yara ne kacal suka cika Penta uku, jihohin arewa maso yamma kuma su ne a baya.

Uwar gida, mai gida, a ɗauko katin rigakafin yaro yau a duba. Idan an tsallake wata, a koma asibiti: ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.