Tsofaffin Kalmomin Kimiyya na Ingilishi: Asalinsu da Abin da Suke Jawo wa Mai Koyarwa da Hausa

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan maƙala shi ne wani darasi da muka zauna muka saurara a wata makaranta da ke Yalwawa, cikin garin Dutse, lokacin da muke zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Darasin a kan takin zamani ne. Malamin ya rubuta N da P da K a allo, kamar yadda suke a jikin buhun taki, ya ce harafin ƙarshe yana nufin potash, "watau kanwa". Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, to ashe ke nan in taki ya yi tsada ana iya barbaɗa kanwa a gona? Malamin ya yi jim, sa'an nan ya ce i.

Ba mu ga laifinsa sosai ba, domin haka ya ji ana faɗa tun yana ƙarami. Laifin yana ga kalmar. Kalmomin kimiyya da yawa na Ingilishi an raɗa su ne tun ba a gama fahimtar abin da ake raɗa wa sunan ba, ilmi ya ci gaba, suna ya tsaya inda yake. Tun da Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a soma koyar da yara da harshen uwa aka shiga aikin neman kalmomin kimiyya cikin Hausa. Abin da muke son nunawa shi ne, mai wannan aiki in bai san asalin kalma ba, yana iya kwaso kuskuren mutanen da ya zuba wa yaran yanzu.

2.0 Kanwa da toka

Kalmar potash ta shigo Ingilishi daga harshen mutanen Holan a ƙarni na 17, ma'anarta kuwa tokar tukunya. A can Turai akan ƙona itace, a jiƙa tokar, a tace, a dafa ruwan cikin tukunyar ƙarfe har ya ƙafe, abin da ya kwanta a gindi shi ne potash, da shi ake yin sabulu da gilashi. Duk matar da ta taɓa tarar ruwan toka daga karan gero don miya ko sabulu ta san wannan aiki, ba sai an koya mata ba. Ashe ke nan potash toka ce.

Kanwa fa? Kanwa ba a ƙona kome a same ta. Haƙo ta ake yi, ko a kwashe ta a wuraren da ruwa ya janye, kuma shekaru aru-aru fatake suna ɗauko ta daga ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Cadi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa: jar kanwa, da farar kanwa, da ungurnu. Tsohon sunanta na Ingilishi natron, daga Larabci naɗrun, kalmar da ta samo asali tun daga Masar ta Fir'auna, inda har yanzu akwai kwarin da ake kira Wadi Natrun.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su rarrabe tsakanin abubuwan nan biyu ba, domin duka suna da santsi a hannu, duka suna kashe tsami, duka suna yin sabulu. Suka haɗa su a ƙarƙashin suna guda, alkali, wanda shi ma aro ne daga Larabci, ma'anarsa tokar tsiro. Sai a 1736 wani Bafaranshe, Duhamel du Monceau, ya nuna ba abu ɗaya ba ne. A 1807 Humphry Davy ya yi amfani da lantarki a Landan ya fitar da ƙarfe daga kowannensu. Wanda ya fito daga toka ya kira shi fotasiyam, ɗayan kuma sodiyam. Alamomin da yara ke haddacewa sun riƙe tarihin: K daga kalium ne, ɗan'uwan alkali, Na kuma daga natrium, ɗan'uwan natron. Watau duk yaron da ya rubuta Na a littafinsa tsohon sunan kanwa ya rubuta, bai sani ba.

Amma a Ingilishin kasuwa na Nijeriya sunan potash ya riga ya manne wa kanwa, har cikin littattafan makaranta. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Fotasiyam abincin shuka ne. Sodiyam kuwa in ya yi yawa a gona yakan daskarar da ƙasa, ya hana ruwa shiga, kuma manomi ya san fili mai kanwa ba ya yin amfani. Da yaron nan zai kai wa mahaifinsa amsar da aka ba shi, da an yi ɓarna da sunan ilmin boko. Haka kuma a wajen lafiya. Mai hawan jini akan ce masa ya rage gishiri saboda sodiyam ɗin da ke ciki, sai ya rage, ya ci gaba da shan kunun kanwa, yana ganin ai ita daban ce. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. An yi ta muhawara a kan wannan daga baya, amma sodiyam ɗin da ke cikin kanwa ba abin musu ba ne.

3.0 Darma da kwalli

Ingilishi na kiran bakin fensir lead, watau darma, alhali babu ko ɗigon darma a ciki. Lokacin da aka gano baƙin ma'adinin a Borrowdale ta ƙasar Ingila, a ƙarni na 16, an zaci wani nau'in darma ne saboda ƙyallinsa. Sai a 1779 Scheele, mutumin Suwidin, ya nuna kabon ne, dangin gawayi, kuma a 1789 aka ba shi sunan graphite, daga kalmar Girkanci mai nufin rubutu. Tsohon sunan dai bai mutu ba.

Kwalli kuwa akasin haka ya same shi. Tsofaffin rubuce-rubucen Turawa sukan fassara shi da antimony, wani ƙarfe daban, amma dutsen kwalli da muka saba gani a kasuwa yawanci galena ne, uwar darma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri a Boston da aka sami darma a jininsa, aka auna kwallin da aka kawo masa daga Nijeriya, aka tarar kashi 82.6 cikin 100 darma ne. Mu da muka ga abin da gubar darma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, bai kamata mu bar suna ya rufe mana ido ba. Ga abin da ba shi da darma ana tsorata yara da shi don sun tauna fensir, ga mai darma ana ranbaɗa wa jarirai. (Abin sha'awa, kalmar alcohol daga alkuhul ta fito, sunan kwalli da Larabci. Da farko tana nufin gari mai laushi ƙwarai, daga nan ta koma duk abin da aka tace, har ta ƙare a kan ruhin barasa.)

4.0 Fassarar suna ko fassarar abu

Akwai masu ganin hanyar da ta fi ita ce a warware kalmar Ingilishi zuwa saiwarta ta Girkanci ko Latin, a fassara gaɓa-gaɓa. Muna ganin wannan hanya tana da rami. Lavoisier ya raɗa sunan oksijin wajen 1777, ma'anarsa mai haifar da tsami, domin ya ɗauka babu ruwan asid da ba shi da wannan iska. A 1810 Davy ya nuna ba haka ba ne. Jamusawa sun riga sun fassara sunan kai tsaye zuwa harshensu, ga shi har yau suna ɗauke da kuskuren. Mu da muka zo daga baya ba mu da hujjar bin sahunsu.

Maleriya ta fi wannan. Kalmar daga Italiyanci take, ma'anarta mugunyar iska, domin an ɗauka tururin fadama ke kawo cutar. A 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jini a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta cikin sauro a Indiya. A duba abin da zai faru in an ce wa Bahaushe ɗansa na fama da mugunyar iska: ba asibiti zai nufa ba, gidan mai girka za shi. Wanda ya fara cewa zazzaɓin cizon sauro ya fi Baturen dacewa, domin sunan da kansa darasi ne, ya faɗi cutar ya kuma nuna inda za a tare ta.

Ba kowace tsohuwar kalma ce abin gudu ba. Majigi daga magic lantern ta zo, fitilar sihiri, na'urar haska hoto a bango da aka ƙera a Turai tun ƙarni na 17. Ingilishi ya ajiye sunan, Hausa ta riƙe shi tun zamanin da motar gwamnati ke yawo gari-gari tana nuna silima a ƙofar fada, kuma ba wanda ya ji majigi ya tuna da sihiri. Waya asalinta zaren ƙarfe ne na tangaraho, yau ga ta a aljihu babu zare. Irin waɗannan sun zama 'yan gida, a ƙyale su. Ma'aunin shi ne, shin sunan zai sa mai jinsa ya aikata kuskure?

Potash kam tana sawa. Shawararmu ga masu rubuta littattafan firamare da na kwalejojin horon malamai ita ce a raba su fili: K na buhun taki a kira shi sinadarin toka, kanwa kuma a ajiye ta tare da gishiri a gidan sodiyam. Malami na iya tabbatar wa yara wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Ya sami risho mai shuɗiyar wuta, ya barbaɗa mata gishiri, harshen wutar zai koma rawaya. Ya barbaɗa garin kanwa, rawayar nan dai za ta sake fitowa. Da muka koma makarantar nan ta Yalwawa mako biyu bayan darasin farko, gwajin da muka sa ɗalibin namu ya yi a gaban ajin ke nan, kuma yaron da ya yi tambayar shi muka ba garin kanwar ya barbaɗa.