Daga kwarin Majiya zuwa teburin minista

Masani yakan ƙare bincikensa ya rubuta shi da Faransanci, ya miƙa wa ma'aikata a Yamai, takardar ta kwanta cikin aljihun tebur. To amma a ƙasar Adar an taɓa ganin inda maganar masana ta shiga kunnen hukuma.

A 1975, bayan babban fari, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka fara jera dogon yaro layi-layi cikin kwarin Majiya, a gundumar Buza, don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Masu bincike suka shiga gonaki da ma'auni, suka tarar hatsin da ke bayan itatuwan ya ɗara na fili da kimanin kashi 1 cikin 5. Wannan lissafi ne da manomi da ɗan kasuwar hatsi na Madawa da ma'aikacin ofis duk suke ganewa.

A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kountché, aka yi taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar ne kuma aikin Keita ya soma, da kuɗin Italiya da taimakon FAO, aka biya ma'aikata da cimaka. Mata ne suka fi yawa wajen haƙa da ɗaukar duwatsu, aka farfaɗo da dubban eka na fako, aka dasa miliyoyin itatuwa.

Sai dai akwai tambayar da ma'auni bai amsa ba: icen na wa ne? Muddin manomi na tsoron tara in ya sare reshe a gonarsa, ba zai reni tsiro ba. Masana sun daɗe suna faɗin haka. A 2006 binciken masanan jami'ar Yamai da abokan aikinsu ya nuna yadda gonaki suka sake cika da itatuwa da hannun manoma. Amma sai ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta ba manomi ikon icen da ya rena. Shekara 14 ke nan. Gawon da aka bari a lokacin ya riga ya yi inuwa.

Yau cibiyar AGRHYMET da ACMAD suna haɗa masana kowace shekara su fitar da hasashen damina kafin shuka. Abin tambaya shi ne ko yana isa hannun hukumomin Keita da Buza da Madawa da Hausa, kafin manomi ya zuba irinsa.