Yadda Adaidaita Sahu Ta Gaji Titunan Kano

Birnin Kano, tun daga zamanin da Sarki Gijimasu ya soma ginin ganuwa har zuwa lokacin da Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, gari ne da aka auna shi da tafiyar ƙafa da ta jaki, domin mutumin da ya fito daga Ƙofar Mazugal bayan ya idar da sallar asuba yana iya isa rumfarsa, ya share, ya baje kaya, tun hantsi bai dubi ludayi ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gari ya tsallake ganuwa, Sabon Gari da Nasarawa da Bompai suka bunƙasa, har aka wayi gari yau magidanci yana kwana a Rijiyar Zaki ko Mariri ko Kurna, alhali abincinsa yana Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ko masana'antun Sharaɗa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, kaso mai yawa daga cikinsu kuwa a birni da kewaye suke, galibinsu kuma ba su mallaki abin hawa ba.

Wanda ya manyanta zai tuna lokacin da tasi da motocin hayis, waɗanda ake yi wa laƙabi da kiya-kiya, suke ɗauke da wannan jama'a, kwandasta yana lilo a bakin ƙofa yana kiran Bata ko 'Yan Kura. Da tattalin arziki ya ƙuntata bayan 1986, sabuwar mota ta gagari mai haya, sai acaɓa ya samu shiga, ya kuma yi yawa ƙwarai da baburan Sin masu araha suka cika kasuwa. Acaɓa ya yi amfani, ya kuma yi ɓarna, asibitin ƙashi na Dala shaida ne.

Ita kuwa keke mai ƙafa uku ba domin ta ɗauki gari baki ɗaya aka kawo ta ba. An san ta a Legas tun zamanin Buba Marwa, gwamnatin Obasanjo kuma ta raba ta ƙarƙashin shirin yaƙi da talauci na NAPEP, amma shigarta Kano sosai ta biyo bayan hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a 2005, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, sa'ad da aka fito da ita, ruwan ɗorawa, da labulenta, domin mace ta je unguwa ko asibiti cikin sutura ba tare da ta raɓi bayan namijin da ba muharraminta ba. Sunan shirin gyaran tarbiyya na waccan gwamnati, watau A Daidaita Sahu, shi ya bi keken har yau. Bayan shekara takwas, ranar 19 ga Janairu 2013, aka kai wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero hari, Allah ya kuɓutar da shi, wasu daga cikin bayinsa suka rasa rayukansu. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta haramta goyo a kan babur a cikin birni, dubban samarin da suka rayu da acaɓa kuwa suka juya ala tilas zuwa ga abin da ya rage. Ta haka abin da aka tanada domin maslahar mata ya zama abin hawan kowa da kowa, har ma sau da yawa ka ga maza da mata a matse a kujera guda, wanda shi ne ainihin abin da aka gudu tun farko.

Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, babu wani mataki a cikin wannan tarihi da aka ɗauka domin an zauna an ƙididdige mutum nawa ne za su tashi daga ina zuwa ina kowace safiya; kowanne lalura ce ta taso aka yi mata magani na gaggawa, maganin kuma ya zauna ya zama ɗabi'a. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa abin da aka halatta saboda lalura ana tsayar da shi ne gwargwadon lalurar, mu kuwa mun bar namu ya yi shekara da shekaru, har ranar da 'yan adaidaita suka tafi yajin aiki a Fabrairun 2021, da kuma Janairun 2022, kan kuɗaɗen da hukuma ta ɗora musu, aka ga tsofaffi da ɗalibai da masu jego suna taka sayyada daga Na'ibawa zuwa cikin gari, wasu kuma sun cushe a bayan a-kori-kura kamar buhunan gero.

An saba ɗora laifin hargitsin titi a kan ɗan sahu, kuma lalle ba za a wanke shi sarai ba. Kowa ya ga yadda yake jera mutum uku a baya, ya matsa ya ba na huɗu gefen kujerarsa har rabin jikinsa yana waje, ya riƙa tafiya idonsa na bakin hanya, da zarar ya hangi wanda ya ɗaga yatsa sai ya yanke gaban mota ya taka birki ba sigina ba sallama. Amma kafin a yanke masa hukunci ya kamata a san lissafin da ke cikin kansa. Da yawansu ba su ne masu keken ba: ko dai wani mai hali ya saya ya ba shi bisa sharaɗin ya kawo balas kowace yamma, ko kuwa an ba shi bashi da riba mai nauyi, yana biya mako-mako, in ya yi jinkiri a karɓe keken, abin da ya zuba a baya kuma ya bi ruwa. A wannan irin ijara, ranar ruwan sama da ranar ciwo da ranar da taya ta fashe duk a wuyan direba suke, mai keke kuwa nasa ba ya raguwa. Sai ya fitar da kuɗin mai, da balas, da tikitin hukuma, da na ƙungiya, sa'an nan ya soma neman cefanen gidansa, wanda galibi sai bayan la'asar yake kai wa gare shi. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, wannan lissafi ya ƙara tsanani, fasinja yana ganin an zalunce shi, direba yana ganin bai tsira da komai ba. Mutumin da bashi ke kora ba wa'azin haƙƙin hanya kaɗai zai rage masa gudu ba, ko da yake wa'azin wajibi ne, tarar 'yan KAROTA masu kula da titi kuma, in ba a taɓa sharaɗin bashin ba, ƙari ce kawai a kan abin da zai yi gaggawar nemowa.

Wayar hannu ta kawo ɗan sauƙi ta wani gefe. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, za ka ga lambar asusu a manne a bayan kujerar direba, rigimar canji ta ragu, sai dai wata ta maye gurbinta, domin ga fasinja ya sauka yana rantsuwa ya tura, ga direba ya tsaya a tsakiyar hanya yana jiran alat, ga na baya suna ta oda.

Gwamnatocin da suka gabata sun gina gadojin sama da na ƙasa, a Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro, kuma ba mai musun sun sassauta cunkoso a waɗannan mahaɗu. Amma gada mai mota take yi wa hidima tukuna, wanda ba shi da ko keke kuwa har yanzu yana tsaye a ƙarƙashinta yana ɗaga yatsa. Babbar bas guda mai cin mutum 60 tana ɗauke abin da adaidaita 15 za su ɗauka, da inji ɗaya da hayaƙi ɗaya, saboda haka a ganina manyan hanyoyi irin su Titin Zariya da Titin Katsina da Titin Gwarzo da Titin Haɗeja haƙƙin bas ne, mai lokaci sananne da matsaya sananniya, adaidaita kuma ta koma aikin da ta fi kowa iyawa, watau kwaso mutane daga cikin unguwanni da lungunan da bas ba za ta taɓa shiga ba, ta kawo su bakin titi. Sayen bas ɗin ba shi ne mai wuya ba. Riƙonta shi ne aiki, domin sai da kanikawa da kayan gyara da amintaccen mai karɓar kuɗi take kai shekara biyar a kan hanya. Kuma duk wanda zai zana wannan tsari, tilas ya sa a cikin lissafinsa cewa bayan kowane keke akwai mai faci, da mai walda, da mai ɗinkin labule da kujera, da mai sayar da kayan Bajaj da TVS, da matar da ke dafa wa direbobi shinkafa da wake a bakin tasha, waɗanda dukkansu daga wannan keken suke ci.