Ingilishi da ƴan biɗa: na kasuwa daban, na takarda daban

A Kano ko Katsina, idan aka ce wane ya iya Turanci, kowa ya san Ingilishi ake nufi. A Maraɗi da Damagaram da Tawa kuwa, tun zamanin mulkin mallaka, Turanci shi ne harshen kwamanda da malamin lakkol, wato Faransanci. Kalma ɗaya ce, Hausar ma ɗaya ce, amma iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta raba ma'anarta gida biyu. Shekara da shekaru wannan bambanci bai dami kowa ba, sai dai a yi raha da shi a tasha. Yau ya zama maganar neman abinci, domin saurayin da ya ɗauki takardunsa ya fita ƙasar waje neman aiki, tambayar farko da ake yi masa ita ce wane Turancin ya iya.

Ranar 26 ga watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya kuma ambaci Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ƴan kwanaki kafin haka Nijar ta ba da sanarwar ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da aka yanke wa cibiya a birnin Yamai ranar 20 ga Maris na 1970, kuma marigayi shugaba Diori Hamani yana cikin iyayenta. An yi ta muhawara a kan siyasar wannan mataki. Abin da ba a faye tattaunawa ba shi ne ma'anarsa ga ɗan kasuwar da ke sayo kaya a Dubai, da ma'aikacin gwamnatin da ya sayar da fili domin karatun ɗansa.

Nijar ba ita ta fara ba. Ruwanda ta mai da Ingilishi harshen koyarwa a 2008, ta shiga ƙungiyar Kwamanwal a 2009. Gabon da Togo, waɗanda kowa ya san Faransa ce ta raine su, sun bi sahunta a 2022, kuma a shekarar ce Aljeriya ta fara koyar da Ingilishi tun daga firamare. Ba daɗin harshen ya ja su ba. Daular Ingila ce ta fara baza shi a Indiya da Afirka da Ostareliya, sa'an nan bayan yaƙin duniya na biyu Amurka ta ɗora da dalarta da jiragenta da jami'o'inta, daga baya kwamfuta da intanet suka ƙarasa aikin. Faransanci, wanda sarakunan Turai suka daɗe suna ƙulla sulhu da shi, ya fara ganin kishiya tun 1919, lokacin da aka rubuta yarjejeniyar Basai da harsunan biyu. Ana ƙiyasta masu jin Ingilishi a duniya sun kai miliyan 1500, alhali waɗanda suka sha shi a nono ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Nan ƙarfinsa yake. Mutumin Sin da Baturke da Ba'indiye, ba ɗayansu da ya gaje shi, amma idan ciniki ya haɗa su da shi suke yi.

To, ta yaya ƙasar da ta yi iyakar kilomita wajen 1500 da Najeriya, wadda ta fi kowace ƙasar Afirka yawan jama'a kuma take aiki da Ingilishi, ta zauna ba ta koye shi ba? Amsar ita ce Hausa ta wadatar. Tafiya biɗa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kakanni ake gangarawa kurmi da zarar an kai amfanin gona rumbu, kuma fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a shekarun 1950, labarin samari uku ne da suka tashi daga Nijar suka nufi ƙasar da ta zama Gana. Wanda ya sauka zangon Kumasi yakan tarar da mai masauki da liman da mahauci duk da Hausa suke magana. Alhazan Maraɗi da suka tara dukiya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, da na Damagaram da ke bin Matamai da Magarya zuwa Daura da Kano, da yawansu ba su taɓa zama benci a makarantar boko ba, kuma ba abin da ya rage su da shi. Amana da dillali da lissafin ka, su ne jarinsu.

Har a Amurka wannan dabara ta yi aiki. Ƴan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suna cikin masu kasa kaya a bakin titi na 125 a unguwar Halem ta birnin Niyok, kafin hukumar birnin ta tashe su a watan Oktoba na 1994, aka mai da da yawansu wata kasuwa a titi na 116. Ingilishin da mai tebur yake bukata bai taka kara ya karya ba: gaisuwa, ƙidaya, nawa ne, rage mini, sai an jima. Wannan a wata uku kunne yake ɗaukarsa, kuma mutanen ƙasar nan, da yawancinsu suka tashi da harshe biyu ko uku a baki, ba a bar su a baya ba wajen kwashe shi.

Wahalar tana farawa ne inda baki ya tsaya, takarda ta karɓa. Ɗan kasuwar da ya je Gwanzu ta ƙasar Sin yana iya gama ciniki da ƴar na'urar lissafi, shi ya danna nasa farashi, mai kaya ya danna nasa, har su daidaita ba wanda ya ji maganar wani. Amma idan aka zo rubuta yarjejeniya, da takardar lodin jirgin ruwa, da ta inshora, galibi da Ingilishi za a miƙo masa su. A cikinsu akwai wasu haruffa uku-uku da ke iya cinye ribar shekara. Idan an rubuta FOB, nauyin mai sayarwa ya ƙare da zarar kaya sun hau jirgi a tashar ƙasarsa, kuɗin jirgi da inshora na mai saye ne. Idan an rubuta CIF, mai sayarwa ne zai biya jirgi da inshora har tashar da aka ambata, Kwatano ce ko Lome. Wanda ya sa hannu a ta farko yana zaton ta biyu ce, sai kwantena ta kama hanya zai san abin da ya saya. Abin dariya ma, hukumar da ta tsara waɗannan ƙa'idoji tun 1936 a birnin Paris take zaune, amma da Ingilishi ta taƙaita su. Saboda haka alhaji yakan dogara ga tafinta, kuma tafinta a baƙuwar ƙasa wani lokaci yana cin lada ta fuska biyu, daga mai saye da kuma mai sayarwa. Wayar hannu tana fassara yanzu, gaskiya ne, kuma tana fid da mutum kunya a otel da tasha. Sai dai ranar da rigima ta kai gaban alƙali, ba wayar za a kira ba, wanda ya sa hannu za a kira.

Ga ɗan boko abin ya fi ciwo, domin shi takarda ce dukiyarsa. Injiniya ko malamin asibitin da ya yi shekara goma sha bakwai ko fiye yana karatu da Faransanci, idan ya nemi aiki a Dubai ko Doha, ko gurbin ƙaro ilimi a Ingila ko Amurka, ba a fara duba abin da ya sani sai an ga sakamakonsa na Ingilishi, irin jarrabawar TOEFL ko IELTS, waɗanda kuɗin zamansu kaɗai nauyi ne ga ƙaramin ma'aikaci. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, jarrabawar lasisin aikin jinya da Ingilishi ake yin ta, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ƴan Filifin da ƴan Indiya suka cika asibitocin can. Ba su fi kowa hannu mai sauƙi ba, harshen ne suka zo da shi daga gida. Wanda bai zo da shi ba, ko da diflomarsa a jaka, sau da yawa aikin gadi ko na ɗaukar kaya yake samu, ya zauna ƙarƙashin wanda bai kai shi sani ba.

Ba sai an ƙetare teku ba ma. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya ta wajabta, daga 2008, cewa matuƙan jirage da masu ba su hanya a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa su kai mataki na 4 cikin 6 na iya Ingilishi. Makarantar EAMAC da ke Yamai, wadda ke horar da masu wannan aiki domin ƙasashen Afirka da dama masu Faransanci, dole ta bi wannan ƙa'ida. Haka sanarwar neman ma'aikata ta ƙungiyoyin agaji da na Majalisar Ɗinkin Duniya: a can ƙasa akan ƙara ɗan layi cewa iya Ingilishi zai taimaka, kuma duk wanda ya taɓa neman irin wannan aiki ya san ɗan layin nan shi ke raba gardama idan takardu suka zo daidai.

Mai karatu zai ce, ai ana koyar da shi a makaranta. Ana koyarwa. Ɗalibi yana fara Ingilishi daga ajin siziyam, wanda ya kai bakaloriya ya yi shekara bakwai ke nan yana yi. Amma a aji mai ɗalibi saba'in ko tamanin, da littafi ɗaya tsakanin mutum uku, abin da malami zai iya shi ne ya rubuta nahawu a allo, yara su kwafa, su haddace jerin aikatau domin ranar jarrabawa. Yaro yana iya cin maki mai kyau bai taɓa yin zancen minti biyar da harshen ba. Dattawan ma'aikata suna tuna matasan Amurka ƴan sa-kai na Peace Corps, waɗanda suka fara zuwa a 1962, wasunsu suka koyar a kwalejoji. An janye su a watan Janairu na 2011 saboda matsalar tsaro. Yau mai hali yakan tura ɗansa Gana ya yi wata shida ko tara a makarantun koyon harshe, ko ya sama masa gurbi a Sakkwato ko Zariya. Marar hali sai ya dangana. A Maraɗi akwai jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta, wadda aka buɗe a 2013, ana karatu da Ingilishi a cikinta, amma da ɗaliban Najeriya ta yi suna, su ne suka riƙa ƙetaro iyaka suna cika azuzuwanta.

Duk da haka, kada a ɗauka Ingilishi biza ne. Baƙin da gwamnatin Busiya ta kora daga Gana a 1969, da waɗanda gwamnatin Shagari ta kora daga Najeriya a 1983, ba a tambaye su harshen da suke ji ba. Ƴan Gana da aka loda a motoci daga Ikko, da Ingilishinsu suka tafi. A watan Disamba na 2025 Amurka ta saka Nijar cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar shiga, ba ta ware wanda ya ci TOEFL ba. Ɗan Adar da ke tafiya Abijan, da wanda ke ratsa Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya, ɗan Faransanci ko ɗan Larabci ya fi yi masa rana. Kuma masu gaggawar cewa a jefar da Faransanci su lura: tun 2023 Kanada ta ware wata hanya ta musamman domin masu neman zama ƙasarta da suka iya shi, kuma takardun duwan na Kwatano da Lome, inda kayan ƴan kasuwar ƙasar nan suka saba sauka, da shi ake cika su. Ɗan Najeriya ko ɗan Gana da ke neman aikin da ake son harsuna biyu, shi ma gumi yake yi a kan Faransanci. Ɗan Nijar ya riga ya biya kuɗin wannan rabin, da shekarunsa na ƙuruciya da bulalar malam. Rabin da ya rage ne ake magana.

Wannan rabin kuwa malamai yake so, ba doka kaɗai ba. Kafin sakataren ma'aikata ya iya amsa wasiƙar wani kamfanin Indiya ba tare da ya aika a nemo masa tafinta ba, sai an horar da waɗanda za su koyar, an rage cunkoson aji, an sa magana da sauraro su yi nauyi a jarrabawa kamar rubutu, an kuma buɗe darussan yamma ga manya a manyan garuruwa, inda yaron shagon alhaji da ma'aikacin duwan za su iya zuwa bayan la'asar. Yaron da ya shiga siziyam a shekarar da aka ƙaddamar da kundin, wato 2025, sai 2032 zai zauna bakaloriya idan bai maimaita aji ba. Kundin kansa, wanda ya ɗaga Hausa ya kuma ba Ingilishi kujera, da Faransanci aka buga shi a jaridar hukuma.